Wuni Ɗaya a Alƙahira: Wace Hanya Ce Ta Fi Dacewa da Baƙo?

Wanda ya je Alƙahira ganin likita ko kai yaro karatu, wuni ɗaya tak ya rage masa kafin jirginsa ya tashi, hanyoyi uku ne a gabansa, kuma cunkoson motocin birnin ba zai bar shi ya gwada biyu ba.

Motar ayarin masu yawon buɗe ido da otal-otal ke shiryawa tana da kyau ga mai son a nuna masa abu ta taga. Ɗaukar shatar tasi na wuni guda kuwa ban shawarci kowa da shi ba, zan kuma faɗi dalili.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne mutum ya kira mota ta manhajar Uber, wadda ke nuna kuɗin tafiya tun kafin a shiga, ta sauke shi da sassafe a Masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970, daga nan ya dogara da ƙafarsa. Da ya tsallaka titi ga Masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, sannan ga titin Mu'izz da ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, masallatai da makarantun zamanin sarakunan Mamluk da suka mulki Masar jere hagu da dama, har da ginin Sarki Ƙalawun mai tagogin gilashi masu launi. Bayan azahar sai ya nufi Fusɗaɗ, tsohuwar unguwar da ke kudancin birnin, ya yi salla a Masallacin Amru ɗan Asi, ya shiga gidan tarihin da ke kusa, domin can aka mayar da gawawwakin fir'aunoni da sarauniyoyi 22 daga tsohon gidan tarihin da ke dandalin Tahrir a watan Afrilun 2021. Duk direban da ya ce gawar Ramsis na Biyu tana gidan tarihin Tahrir, labarinsa ya tsufa.

Ni na taɓa ɗaukar shata. Direban ya ce mu biya mu gaisa da ɗan'uwansa, ashe shagon turare ne inda yake da la'ada. Aka kawo shayi, aka shafe mini hannu biyu da turare kala-kala, daga nan kuma sai shagon takardun bardi, irin takardun da Misirawan zamanin da suke rubutu a kai, har sa'o'i biyu suka salwanta ban ga komai ba. Da yawa daga takardun da ake tallarsu a titi da sunan bardi ganyen ayaba ne, da an naɗe su sai su karye.

Idan zuciya ta nace sai an ga dalar Giza, a ware mata safiya, a haƙura da Fusɗaɗ. A sayi tikiti a tagar hukuma kaɗai, kada a saurari mai cewa an rufe ƙofa ko ba a shiga sai da doki. Mai raƙumi kuwa, a yanke kuɗin hawa da na sauka da na hoto tun ana tsaye a ƙasa, domin da zarar raƙumin ya miƙe, akalar tana hannunsa.