Manhajar YouVersion da ibadar safiya

Manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, wadda ikilisiyar Life.Church ta Amurka ta fitar a 2008, kyauta ce, kuma da ita nake fara ibada kowace safiya. Abin da ya fi amfanata a cikinta shi ne damar jera fassarori biyu gefe da gefe, domin sau da yawa kalmar da ta shige mini duhu a ɗaya takan fito fili a ɗayar.

A kan Zabura 119 na ga darajarta sosai. Ayoyinta 176 sun kasu kashi 22, kowanne da ayoyi 8, don haka nakan ɗauki kashi ɗaya a rana, in shafa wa ayar da ta taɓa zuciyata launi, sa'an nan in mayar da ita addu'a da bakina, har karatun ya rikiɗe ya zama sujada. Akwai kuma karatu da murya a wasu fassarori, wanda ke taimakon masu raunin gani.

Shawarata ita ce a sauke fassarar a waya, a kashe intanet kafin a fara, gama saƙo ɗaya ya isa ya raba hankali.