Yawon kwana ɗaya zuwa Hattusa da Yazilikaya: an ba ni abin da na biya, amma a gurguje

Na yi wata takwas a Ankara, babban birnin Turkiyya, kafin na samu sararin zuwa Hattusa, tsohon babban birnin Hittiyawa, mutanen da suka kafa daula a wannan ƙasa a zamanin da, wanda ke kusa da ƙauyen Bogazkale a lardin Corum. Wani kamfanin yawon buɗe ido na biya, irin masu ɗaukar mutum da safe su dawo da shi da dare, da mota da abincin rana da ɗan jagora duk a kuɗi ɗaya. Tafiyar kusan kilomita 200 ce. Motar tsaf take, direban ba ya gudun ganganci, kuma sun zo ɗaukata a kan lokaci. Nan ba ni da ta cewa.

Abin da ya kai ni ba ganuwar birnin ba ce. Yazilikaya nake son gani, wurin bautar da ke cikin duwatsu, tazarar da ba ta wuce kilomita biyu daga birnin ba. Sunan da Turkanci yana nufin dutse mai rubutu. Wani Bafaranshe, Charles Texier, shi ya sanar da Turai labarinsa a 1834. Hittiyawa ne suka sassaƙa shi a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma gumakan da ke jikin dutsen na Hurriyawa ne, mutanen da suka zauna a arewacin Siriya da Iraƙi da kudu maso gabashin Turkiyya. Da sunayensu na Hurriyanci aka rubuta su. Wato masu mulki sun ari addinin maƙwabta sun kafa shi a bakin ƙofar fadarsu, kuma ana danganta ƙarfin wannan aron da Sarauniya Puduhepa, matar sarkin Hittiyawa Hattusili na Uku, 'yar wani malamin bauta daga ƙasar Kizzuwatna.

To, jagoranmu sai ya fara da birni. Muka ga harsashin Babban Haikali da koren dutsen nan da kowa ke shafawa yana ɗaukar hoto, muka hau Ƙofar Zakuna, muka ratsa ramin dutse na Yerkapi mai tsawon kusan mita 70. Ya iya bayanin waɗannan, ban raina masa ba. Daga nan abinci, daga abinci shagon tsaraba, inda muka ɓata kusan awa guda ana cinikin ƙananan zakunan dutse. Sai bayan la'asar muka isa Yazilikaya, ya ce mana minti ashirin.

Ga matsalar. Wurin ɗakuna biyu ne a tsakanin duwatsu, babba da ƙarami, ba su da rufi, kuma sassaƙar ta sha ruwa da iska fiye da shekara dubu uku. Idan rana ba ta faɗa a kanta ba, inuwa kawai za ka gani. Mun tarar da babban ɗakin ya riga ya dushe. Sai da na matsa kusa na karkata kai kafin na rarrabe jerin: maza daga hagu, mata daga dama, sama da siffa 60, duk suna tafiya zuwa bango ɗaya. A can Teshub, gunkin hadari da tsawa, yana tsaye a wuyan gumakan tsaunuka biyu, yana fuskantar matarsa Hebat da ke bisa damisa, ɗansu Sharruma a bayanta. Masana sun lura cewa jerin ya yi kama da tsarin da ake bi wajen miƙa hadaya a rubutun Hurriyawa, wanda suke kira kaluti: wane ake fara ba, wane ke biye. Kenan bangon kamar littafin tsarin biki ne. Jagoran bai ambaci Hurriyawa ko sau ɗaya ba. Da na tambaye shi, ya ce ai duk Hittiyawa ne, ya duba agogo.

Ƙaramin ɗakin ya fi burge ni. Ta wani siririn tsagi ake shiga, kuma sassaƙarsa ta fi fitowa don ta daɗe a binne. Akwai gumaka goma sha biyu a jere, kowanne da takobi mai kama da lauje a kafaɗa, ana ɗaukarsu na ƙarƙashin ƙasa ne. Akwai wani da jikinsa takobi ne da aka soke a ƙasa, zakuna ne mariƙinsa. Ga kuma Sarki Tudhaliya na Huɗu, Sharruma ya rungumo shi da hannu ɗaya. Ina tsaye nan na tuna abin da aka tono a Urkesh, tsohon birnin Hurriyawa, wato Tell Mozan ta Siriya, inda Giorgio Buccellati da Marilyn Kelly-Buccellati suka fara aiki a 1984: wani rami mai zurfi da aka gina da dutse, abi a harshen Hurriyawa, cike da ƙasusuwan 'yan aladu da 'yan kwikwiyo, inda ake kiran gumakan ƙarƙashin ƙasa. Mu da muka taso muna jin labarin tsafi da yanka a gindin Dala, abin bai yi mini baƙo sosai ba. Na so in zauna in dubi ramukan da aka fafe a bangon, sai ga hon ɗin mota.

Wanda ke son hoto da shan iska, wannan yawon ya ishe shi. Wanda kuma ya zo don Yazilikaya, ya yi sharaɗi tun kafin ya biya cewa nan za a kai shi wajen tsakar rana, ko kuwa ya hau motar haya zuwa Sungurlu, garin da ke kusa da Bogazkale, ya ɗauki tasi da kansa. Ya kuma tabbata an saka ƙaramin gidan tarihi na Bogazkale a cikin shirin, inda aka ajiye wani mutum-mutumin Hattusa mai jikin zaki da kan mutum da Jamus ta maido daga Berlin a 2011. Mu a rufe muka same shi.