Sharhi kan gyaran tiyon oyil kula na Marsandi 300D a Birnin Kebbi

Masu tsohuwar Marsandi mai shan gas, musamman 300D ɗin nan, samfurin da ake kira W123, da anka ƙera tsakanin 1976 zuwa 1985, ku duba tiyon oyil kula ɗinku don Allah. Guda biyu ne, suna tasowa daga gidan filta su tafi wajen wani ɗan ƙaramin lagireto da ke gefen babban, shi ke sanyaya baƙin mai. Rabinsu ƙarfe ne rabi roba, kuma daidai inda anka matse robar da ƙarfen nan suke fara naso. Nawa sun jima suna jiƙewa, ƙura ta bi ta manne ta yi baƙi ƙirin, bakanikena ya ce Alhaji wannan ba abin lallaɓawa ba ne, in ya fashe bisa hanya man da ke cikin injin kusan lita bakwai kafin ka ankara ya tsiyaye a kwalta, injin ya buga, shi ke nan.

Sabo dal na kamfani ba a samu nan garin ba, wanda anka tambaya a Ƙofar Ruwa Kano ya ce sai dai Beljiyam. To ni abin da ban gane ba, mi ye amfanin cire roba mai shekara arba'in ka ɗaura wata mai shekara arba'in? Shi ya sa munka nufi wajen masu matse tiyon haidirolik, waɗanda ke yi wa tarakta da tifa da katafila aiki, kun san Kebbi da noman shinkafa ba a rasa su.

Aikin mutumin da munka samu a can gaskiya ya burge ni. Bai taɓa komai ba sai da ya ɗauko fenti ya yi layi a jikin ƙarafan biyu don ya san yadda kowane kai ke fuskanta, ya ce in an riga an matse ba ya juyuwa, in ka murɗa shi da ƙarfi wajen ɗaurawa kai ka kashe shi da hannunka. Sannan ya tsaga tsohon zoben a hankali bai ci bakin ƙarfen ba, ya goge, ya yanko sabuwar roba daidai tsawon tsohuwar ya sa a injin matsi. Matsewar ta fito sumul ba karkace ba tsaga.

Amma inda munka ɗan ja da shi wajen zaɓen robar ne, kuma nan nake so a saurara. Da farko irin ta tarakta ya ɗauko mai wayar ƙarfe ninki biyu a ciki, yana cewa wagga ko giwa ta taka ba ta fashewa. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai matsalarmu ba ƙarfin turi ba ce. Agogon da ke nuna turin baƙin mai na motar nan iyakarsa lamba 3 ne, turin man injin ɗan kaɗan ne in an gwada da na haidirolik, abin da ke cin robar zafi ne. Yawancin tiyon haidirolik na gama-gari digiri 100 anka rubuta a jikinsa, baƙin mai kuwa yana wuce haka in ana doguwar tafiya, balle a watan Afrilu da garin kansa ke haura 40. Ga shi kuma da tauri, ba ya lanƙwasa, injin gas mai silinda biyar ko da yaushe cikin karkarwa yake, duk jijjigar nan sai ta koma kan bakin kula ɗin wanda alminiyam ne. Da bakanikena ya dage sai ya shiga ciki ya fiddo wata mai saƙar zare mai laushi, an rubuta digiri 150 a jikinta. Ashe yana da ita, ba ya dai fiddowa sai an tambaya, wataƙila don ta fi tsada yana tsoron a ce ya tsawwala.

Abu na biyu da bai yi mani daɗi ba, da girinda yake yanka robar kuma bai da niyyar wanke cikin. Garin roba da ɓurɓushin ƙarfe duk suna ciki, wannan kuwa kai tsaye cikin injin za su tafi. Sai da munka sa yaronsa ya ɗuraye da kalanzir anka busa da iska. Ba rasit, ba garanti, in ya yi yoyo ka dawo kawai ya ce. Ga jiran wuta, don ba ya tada janareta saboda ƙaramin aiki.

Cirewa da mayarwa wannan aikin gareji ne, kada ku bar yara su yi. Notin tiyon ƙarfe ne, bakin kula alminiyam, shekaru sun sa sun kama juna, in an finciko da sifana ɗaya tiredin ke biyo notin ya fito, ka koma neman kula gaba ɗaya. An jiƙa namu da mai ya kwana, anka riƙe da sifana biyu. Na ƙasan kuma sai da anka ɗan ɗaga injin da jak kafin ya zaro. Nan ne ma munka ga injin sit, wato robar da injin ke zaune bisa, na gefen ya zauna har bel ɗin sitiyari ya kusa fara gogar tiyon, dole shi ma anka canza.

Gwaji a tsaye cikin gareji ba ya nuna komai, don man ba ya zagawa ta kula ɗin sosai sai ya yi zafi. Na kai motar Jega na dawo da rana tsaka, munka buɗe bonet, kula ɗin da zafi alamar mai na bi, mahaɗan duka a bushe. Tun daga nan ta je Argungu ta je Sakkwato, ba ɗigo. Kuɗin duka bai kai abin da anka yanka mani na Beljiyam da kuɗin mota ba. Zan sake kai mashi aiki, tiyon sitiyari ma na nan ya fara naso, amma da bakanikena za mu tafi.