Allura ko tiyata ga mai wahalar haɗiya?

'Yan uwa a nan Damagaram sun yi ta tambayata wanne ya fi idan likita ya ce tsokar da ke bakin hanyar abinci ta ƙi saki. Mai wannan ciwo, tuwo ya tsaya masa a wuya, kunu ma ya ƙware shi. Abin tsoron shi ne abinci ya zarce huhu ya jawo ciwo.

Allurar Botox tana sassauta tsokar ba tare da yanka ba, murmurewa kuma nan da nan. Amma bayan wasu watanni ƙarfinta ya ƙare, a sake. In sai an je Yamai ko Kano, kuɗin mota da masauki suna taruwa, ga wahalar hanya ga tsoho.

Tiyata kuwa, ana yanka tsokar ne. Tsada a tashin farko, da maganin barci, da haɗarin rauni ya kamu ko murya ta dushe. Sai dai sauƙinta yakan ɗore shekaru.

Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta raunana, ni allura nake ba shi shawara. Mai sauran ƙarfi, wanda hoto ya tabbatar tsokar ce matsalarsa, tiyata ta fi dacewa da shi.