Sensar Fakin da Sensar Kare Rai: Wacce Ya Kamata a Fifita Wajen Sayen Mota 'Yar Beljiyam?

Malam, na karanta tambayarka game da motoci biyu 'yan Beljiyam da ka gani a wurin dillalai, waɗanda kuɗinsu ya zo kusan ɗaya. Ka ce ta farko tana da sensa a bambar gaba da ta baya har da kyamarar ribas, amma fitilar jakar iska, wadda aka rubuta wa SRS, tana kunne a dashbod ba ta mutuwa, dillali kuma ya ce maka ƙaramin abu ne, sensa ce kawai. Ta biyu ba ta da ko ɗaya daga cikin kayan fakin, sai dai babu wata fitilar gargaɗi da ke kunne a cikinta. Ka tambaya ko yawan sensa shi ne alamar cewa mota ta fi tsaro. Amsata ita ce ka fi karkata ga ta biyu, domin suna ne kawai ya haɗa na'urorin nan iri biyu, amma aikinsu da nauyin da ke kansu sun yi hannun riga.

Sensar fakin, wato ƙananan maɓallan nan masu kama da kwabo da ake jerawa a jikin bamba, galibi huɗu a baya, da sauti take aiki. Kowacce tana fitar da wata siririyar ƙara mai kaɗawa sau 40,000 zuwa sama a daƙiƙa guda, wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji tunda iyakarsa wajen 20,000 ce, sannan ta saurari dawowar amonta, kamar yadda jemage yake yi cikin duhu. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a yanayi matsakaici, saboda haka idan bango yana nisan mita ɗaya, zuwa da dawowa ba su wuce kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma daga wannan ɗan lokaci ne kwamfutar mota take lissafa tazara. Ganinta gajere ne, bai cika wuce mita 2 ba, kuma idan tazara ta ragu zuwa kimanin santimita 30 sai ƙarar da take yi wa direba ta daina yankewa ta zama ɗaya miƙaƙƙiya. Wannan ne ya sa take aiki a lokacin rarrafe kaɗai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, to ka ga na'urar da ba ta hango abin da ya wuce mita 2 ba ta da abin da za ta tsinana a kan titin Kano zuwa Zariya.

Sensar kare rai kuwa ba ta auna nisan komai. Wadda ke kula da jakar iska ƙaramar na'ura ce mai jin yadda gudun mota ya karye nan take. Babbar tana cikin wani akwatin kwamfuta da ake dasawa a tsakiyar mota, yawanci a ƙarƙashin wajen giya, sauran kuma suna can gaba kusa da lagireto da cikin ƙofofi da ginshiƙan gefe. Idan aka yi karo, akwatin yana kwatanta abin da waɗannan na'urori suka ji domin ya bambance faɗawa rami da taho-mu-gama, sannan ya yanke hukunci. Da yanke hukuncin da cikar jakar, duka suna kammaluwa cikin kimanin kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, wato kafin ƙiftawar ido, kuma jakar tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Shi wannan akwati ne kuma yake tayar da ɗan abin fashewar da ke fizge bel ya ɗame mutum a kujera kafin jikinsa ya fara tafiya gaba.

A nan ne bambanci mafi girma yake. Sensar fakin shawara take ba ka, kai ne mai taka birki. In ka ga dama ka yi watsi da ita ka dubi madubi ko ka sa yaro ya tsaya yana ce maka taho, taho. Sensar jakar iska ba ta shawara da kowa, domin a lokacin da ake bukatarta babu direban da hannunsa ko tunaninsa zai iya riskar abin da ke faruwa. Idan sensar fakin ta lalace, ranar da ta lalace za ka sani, kuma iyakar asararka fenti ne da kuɗin fanel bita. Idan sensar jakar iska ta lalace, mota za ta ci gaba da tafiya lafiya lau shekara da shekaru, babu ƙara babu girgiza, kuma hanya ɗaya tak da take da ita ta sanar da kai ita ce wannan fitila da dillali ya ce maka ba komai ba ce. A motoci da yawa, muddin fitilar SRS tana kunne, to kwamfuta ta ga matsala kuma ta kashe wani sashe na tsarin ko ma dukkansa.

Akwai dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan fitila da zafi a motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas. Da yawa daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka, jakunkunansu sun riga sun fashe, kuma maye gurbinsu da sababbi yana da tsada. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana buɗe sitiyarin wata mota da mai ita ya shekara biyu yana hawa da iyalinsa, sai aka tarar babu komai a ciki sai murfi da aka manne da gam, da wani ɗan ƙaramin abu da aka soka a bakin wayar domin kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan. Wasu kuma ƙwan fitilar suke cirewa, ko su haɗa wayarta da ta fitilar man inji domin su riƙa mutuwa tare. Saboda haka ko motar ta biyu kada ka yarda da ita don kawai dashbod ɗinta ya yi fes. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa amma kada ka tayar da inji. In mai maɓalli ce, ka danna ba tare da ka taka birki ba. Fitilar SRS ta gaskiya za ta kama, ta yi kimanin daƙiƙa shida, ta mutu ita kaɗai, alhali ta man inji da ta batir suna nan kunne. Idan ba ta kama ba sam, ko kuma sai da inji ya tashi ta mutu tare da sauran, an taɓa ta.

Tsarin kare rai bai tsaya ga jakar iska ba, kuma sashen da na fi daraja a cikinsa shi ne wanda ke hana haɗarin aukuwa tun farko. Kowace taya tana da sensar da ke ƙidaya juyawarta, ita ce ginshiƙin birkin ABS da Mercedes da Bosch suka fito da shi a 1978, wanda ke hana taya ƙamewa idan aka taka birki da ƙarfi. A 1995 kamfanonin biyu suka ɗora wani abu a kai: suka haɗa ƙidayar tayoyi da sensar da ke auna yadda aka murɗa sitiyari da wata mai jin yadda jikin mota ke juyawa, ta yadda idan direba ya nufi wani waje mota kuma ta nufi wani, kamar lokacin da aka kauce wa saniya ko aka hau yashi a kwana, kwamfuta za ta kama birkin taya ɗaya tak ta dawo da motar kan layi. Toyota na kiransa VSC, Honda na kiransa VSA, Mercedes da Peugeot kuma ESP. Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Ba ka faɗi shekarun motocin ba, amma idan ɗaya tana da wannan tsari ɗaya ba ta da shi, wannan kaɗai ya fi sensar fakin takwas nauyi a ma'auni.

Sai dai ba zan yi wa kayan fakin rashin adalci ba, musamman kyamara. Ita ba don bamba aka wajabta ta ba. Dokar Amurka da ta kai ga tilasta kyamarar ribas a kan sababbin motoci daga Mayun 2018 ta samo sunanta ne daga wani yaro ɗan shekara biyu da mahaifinsa ya take a 2002 yana tuƙa mota da baya, kuma ƙa'idar ita ce direba ya ga fili mai faɗin kimanin mita 3 da tsawon mita 6 a bayan motarsa. Wanda ya san gidajenmu da lungunanmu, inda yara ke wasa a gindin mota kuma akuya ke kwanciya a inuwarta, ya san wannan ba ƙawa ba ce. A wannan fage kyamara ta fi sensar sauti, domin sauti yana iya tsallake abin da ya yi ƙasa da bamba, ko siririn abu kamar rodi da turke, kuma ba ya ganin rami ko buɗaɗɗiyar kwata ko kaɗan, tunda babu abin da zai dawo da amo. Ita kuma sensar sauti ta fi kyamara da dare a inda babu haske, da lokacin da idon direba yake wani waje, domin kunne take kira.

Abin da ya raba gardama a wurina shi ne wanne ake iya ƙarawa daga baya. Sensar fakin da kyamarar ribas ana sayar da su a kasuwar kayan mota, mai gyaran waya zai huda bamba ya ɗaura maka su cikin yini guda, kuma za su yi aiki daidai gwargwado. Jakar iska da tsarin hana zamewa ba a yi musu haka. Tun daga masana'anta ake auna su da nauyin motar da yadda ƙarfenta ke lanƙwashewa, kuma ko gyaransu sai da kayan da suka dace da samfurin da na'urar bincike. Motar ta biyu za ka iya mayar da ita kamar ta farko da kuɗi kaɗan, amma ba ka san abin da mayar da ta farko kamar ta biyu zai ci ba sai an bincika.

Yanayinmu ma ba iri ɗaya yake taɓa su ba. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna toshe fuskar sensar fakin da gilashin kyamara, sai ka ji tana ta ƙara babu komai a baya, kuma tsumma mai laima ya wadatar. Fenti mai kauri da aka shafe maɓallan da shi bayan gyaran bamba yana dushe su. Ƙarfen kariya da wasu ke ɗaura wa gaban mota ya fi wannan illa, domin ban da rikita sensar fakin, yana iya canza yadda bugu ke isa ga sensar karo, ya kuma tare radar a motocin da ke da ita a bayan tambarin gaba. Ita radar, mai hango abin da ke nisan mita 200 ko kusa da haka domin taka birki da kanta, ita da kyamarar da ke manne a bayan gilashin gaba suna bukatar a sake saita su duk lokacin da aka taɓa bamba ko aka canza gilashi, abin da ba kowane gareji ke da kayan yinsa ba.

Akwai kuma ɓarnar da mu da kanmu muke yi wa sensa mai lafiya. Kujerar gaba ta fasinja a motocin Amurka na bayan 2006 tana da na'urar da ke tantance ko babba ne a zaune ko ƙaramin yaro, domin ta kashe jakar idan yaro ne. Uwa ta zauna ta ɗora jariri a cinya, na'urar babban mutum ta gani, jakar kuma za ta fito da cikakken ƙarfinta a daidai inda kan jaririn yake. Haka nan mai ɗaure bel ta bayan kujera don ya kashe ƙarar gargaɗi ko ya wuce jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, waɗanda suka fara tilasta ɗaura shi tun 2003, ya gaya wa kwamfuta ƙarya cewa a ɗaure yake, kuma motoci da yawa suna la'akari da wannan bayani wajen zaɓar lokaci da ƙarfin fitar jakar.

Idan duk da haka ranka ya fi kwantawa da motar ta farko, to akwai yiwuwar dillalin ya yi gaskiya, domin sau da yawa abin da ke kunna fitilar bai wuce filogin rawaya da ya saki a ƙarƙashin kujera ba, ko wayar nan mai naɗi da ke cikin sitiyari, wadda idan ta tsinke hon ma yakan daina aiki. Amma ba da baki ake tabbatar da hakan ba. Ka kai ta wurin mai na'urar bincike da kai ka zaɓa, wanda na'urarsa ke karanta sashen SRS ba inji kaɗai ba, a gyara kafin ka biya, a share laifin, a zagaya da ita, a sake dubawa. Ka kuma ɗauki lambar chasis mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ka bincika ta a intanet, domin motocin da suka bi ta gwanjon Amurka sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan, kuma a cikinsu za ka ga ko jakar sitiyari tana rataye a waje.