Notre Dame ta 1943 ko LSU ta 2019: wace ce ta fi shan wuyar jadawali?

Malam, tsakanin waɗannan ƙungiyoyi biyu na ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i, Notre Dame da LSU (Jami'ar Jihar Louisiana), Notre Dame ta 1943 ce amsar tambayarka.

Ka ɗauko jerin AP na ƙarshen kakar, wato jerin matsayin ƙungiyoyi na kamfanin dillancin labarai Associated Press, ka duba. Ta biyu Iowa Pre-Flight, ta uku Michigan, ta huɗu Navy, ta shida Great Lakes, kuma duk Notre Dame ta kara da su. Ka haɗa da Northwestern da Army da Georgia Tech: cikin wasa 10, bakwai da ƙungiyoyin da suka ƙare a 13 na farko aka yi. Uku kacal aka buga a gida. Sun bi Michigan har Ann Arbor suka lallasa ta 35-12, suka yi wa Army 26-0 a filin Yankee da ke New York. Ana cikin haka, bayan wasa na shida, aka kira mai jefa musu ƙwallo, Angelo Bertelli, aikin soja. Koci Frank Leahy ya saka Johnny Lujack, tafiya ba ta tsaya ba, Bertelli kuwa yana sansani aka ba shi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Iowa Pre-Flight, wadda ke da 'yan wasan da suka taɓa buga ƙwallon kuɗi, da maki ɗaya aka sha da ita, 14-13. Faɗuwa ɗaya suka yi, a wasan ƙarshe, Great Lakes ta ƙwace 19-14 saura ƙasa da minti guda. Gaskiya Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe wa Pittsburgh da Illinois 'yan wasa, waɗannan biyun ba abin kirki ba ne.

LSU ta ci 15 ba faɗuwa, ta doke Alabama 46-41 a Tuscaloosa, ba a ƙwace mata wannan ba. Amma har da Northwestern State a jadawalinta, ƙungiyar ƙaramin rukuni da aka gayyato gida aka yi wa 65-14.

Ka yi hattara da shafukan da ke sayar da hasashen wasa. Matsayin ranar wasa suke ƙirgawa don lissafi ya kumbura. Texas tana ta tara lokacin da LSU ta doke ta a Satumba, ta ƙare kakar da ci 8, faɗuwa 5. Duk wanda ya kawo maka alƙaluma, ka tambaye shi: jerin ranar wasa ne ko na ƙarshen kaka, kuma wasa nawa aka yi a waje?