Shagon Tsofaffin Kayan Ɗaki a Garwa

A wani lungu kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai shagon wani dattijo da ke sayen kujeru, fitilu da tangaran na shekarun 1950 zuwa 1970 daga gidajen tsofaffin ma'aikata, ya gyara su, sannan ya sayar wa masu sha'awa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tukwanen furen tangaran. Idan ka kifa ɗaya za ka ga an buga "W. Germany", wato Jamus ta Yamma, a gindinta, tare da lambar samfuri da tsawonta a santimita, kuma wannan suna galibi yana nuna cewa an yi ta kafin haɗewar Jamus a 1990. Malam yakan ƙwanƙwasa bakin tukunya da farce a gaban mai saye, domin mai tsaga ba ta yin ƙara mai tsawo, kuma ba ya ɓoye aibin kayansa. Akwai kuma fitilar Jieldé ta Faransa, wadda Jean-Louis Domecq ya ƙirƙira a farkon shekarun 1950, kuma gaɓoɓinta suna lanƙwasuwa har yanzu ba tare da gardama ba.

Kujerun ne ban gamsu da su ba. An shafe wasu da fenti mai sheƙi da ya rufe zanen katakon, alhali mai kawai suke buƙata, kuma busasshiyar iskar hunturu ta sassauta mahaɗin ƙafafun da yawa. Ba a rubuta farashi, sai an yi ciniki, kuma ya wajaba mai gyaran wutar lantarki ya duba wayar kowace fitila kafin a jona ta.